Akwatin Tilawar Malam Ɗayyabu

In ka bi titin da ya nufi jami'a a Dutsin-Ma, ka wuce masu shayi da masu buga takardu, za ka ga wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe wadda ba ta buɗuwa sai an taimaka mata da gwiwa. Nan Badaruddeen yake gyaran kwamfuta, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Badaru ake ce masa. Dogo ne siriri, ya ɗan rankwafa saboda daɗewa yana leƙen cikin kayan mutane, kuma magana tsada take masa. Ka kawo masa aiki ka yi ta zuba kana ba shi labarin yadda abin ya lalace, zai bar ka ka gama kaf, sannan ya ce, "Kunna mu gani." Ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Aibinsa guda ne: abin da ya gani da idonsa yana aiki, to yana aiki ke nan, magana ta ƙare.

Ɗan Kurfi ne. Mahaifinsa Malam Ɗayyabu manomi ne, kuma limamin ɗan masallacin unguwarsu. Mahaifiyarsa Yahanasu, wadda suke ce wa Inna, Bafulatanar Kuki ce, irin waɗanda Fulatancin ya tafi ya bar musu kunyar. Badaru kuwa shi ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin Dada, yayar Malam, a can ya girma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ba, ba ta taɓa ce masa kawo min kaza ba. In ya zo gida ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon tabarma. In tana so ya ci abinci, sai ta ce wa ƙanwarsa, "Sauda, ki duba ko mutanen Dutsin-Ma sun ci wani abu." Mutanen Dutsin-Ma ɗin nan fa shi kaɗai ne, ko ƙuda ba a ƙara masa ba. Abin bai taɓa damunsa ba, haka ya buɗe ido ya gani.

Gidan yana da wata al'ada da ta girmi Badaru. In Malam ya dawo daga sallar asuba, sai ya zauna kan buzunsa ya karanta izu guda da ka, ba ya ƙari ba ya ragi, duk wata biyu ya sauke ya sake ɗaukowa daga farko. Inna tana gefe da koko kofi biyu a rufe da faifai. In ya kai aya ta ƙarshe ya shafa, sai ya ce, "To madalla. A kawo mana koko." Sannan su karya tare. Shekara arba'in ba ta taɓa kai kofi bakinta ba kafin ta ji wannan maganar.

Wata Talata da damina Malam ya dawo daga gona, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa a zaure. Kafin la'asar an gama.

Badaru ya hau babur ya zo. Da shi aka yi wanka, da shi aka ɗauki makara, ya zauna kwana bakwai yana miƙa hannu yana cewa amin. A kwana na takwas ya koma Dutsin-Ma ya ɗaga ƙofar shago da gwiwa, ya ci gaba da kwance kwamfutar da ya bari. Bai yi kuka ba. Mutane suna ta yaba masa dauriya, alhali ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba. Ya ci abinci bai ji gishiri ba, ya yi wanka bai ji sanyin ruwa ba. Ya daina jin haushin ɗalibai ma, wanda kuwa ya san ɗaliban nan ya san wannan ba alamar lafiya ba ce.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Dada ta dawo ɗakinta tana taya ta kwana, sai dai Dada kunne ya tafi, ko aradu aka yi sai ta ga mutane sun zabura take sanin an yi. Sauda tana aure a wata unguwar, sai hantsi take zuwa da abinci.

Ana sati na uku Sauda ta kira shi a waya.

"Yaya, Inna fa ƙarewa take yi. Zanenta sau biyu yake zagaye ta yanzu."

"An kai ta asibiti?"

"An duba ta, sun ce ba ciwon komai, abinci ne ba ta ci. Kullum sai ta dama kokon nan kofi biyu, ta rufe, ta zauna ta tasa shi gaba. Haka nake zuwa in iske shi ya yi sanyi. In kuwa ba ta karya ba ranar ta tafi ke nan, loma biyu da rana, shi ma sai na yi kamar in yi kuka. Karatun Baba take jira, Yaya. Ni ban san yadda zan yi ba."

Sai ya tuna. Shekara shida da suka wuce, lokacin wani dogon yajin aiki da ya kwashe ɗalibai ya bar shagon ba kowa, ya koma Kurfi ya yi wata biyu. Kowace safiya yakan ajiye wayarsa a bakin buzun Malam ya danna ɗauka, ya tafi harkarsa, sai an jima ya dawo ya ɗauke. Malam yana ta mitar an sa masa ɗan leƙen asiri a ɗaki, amma bai hana ba. Izu sittin cif, suna nan a ajiye, ko sau ɗaya bai zauna ya saurara ba.

Sauda ta ce a sa a rediyo mai memori. An gwada. Inna yanar ido ta fara rufe mata gani, maɓallan kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ran farko ta laluba ta danna, rediyon ya tsallaka wata tasha, kiɗa ya cika gidan takaba har maƙwabta suka leƙo. Daga ranar ta ce a fitar mata da shi.

Nan Badaru ya ce shi zai haɗa abin da ba ya da maɓalli ko ɗaya. Ya samo wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, ya haɗa ta da lasifika, ya sa mata ɗan batirin agogo don ta riƙa sanin kwanan wata, ya kafa su cikin akwatin katako. Ya tsara ta yadda da wuta ta shigo za ta tashi da kanta, ta duba ranar, ta saki izun ranar. In ta gamu da cikas, ta sake gwadawa bayan minti guda. Makunni ɗaya ne tal, ƙato, a jikin bango, daga batirin solar gidan.

Ya gwada a shago sau ya fi ashirin. Ga yadda yake gwajin, ku riƙe wannan: ya jona ɗan allonsa da kibod, ya kashe, ya kunna, kwamfuta ta tashi ta nemi lambar sirri, yatsunsa su buga kafin ma ya yi tunani, kamar yadda suke yi sau hamsin kowace rana. Jim kaɗan sai muryar Malam ta fito tana neman tsari daga shaiɗan. Nan take ya tsayar. Ba ya iya wuce nan. Ba wai wani ciwo yake ji ba, hannunsa ne kawai yake kaiwa ya katse, ya ce a ransa, yana aiki.

Ya kai akwatin Kurfi da rana, ya kafa a ɗakin Inna kusa da inda buzun yake. Ya jona allo da kibod, ya shiga, murya ta fito, ya katse. Inna tana can ƙarshen gado, ya ga kafaɗarta ta motsa.

"Sauda, ki nuna ma Inna. In ta idar da sallah ta danna wannan ƙasa. In ya gama ta mayar sama. Shi ke nan."

Sauda ta kama hannun Inna ta ɗora kan makunnin. Inna ta shafa shi sau biyu, ta ce, "Ki ce ma mutanen Dutsin-Ma Allah Ya yi albarka."

Ya naɗe allonsa da kibod ya zuba a jaka, ya hau babur.

Daga nan duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana Kurfi. Ya gaida Dada da ƙarfi, ya gaida Inna a hankali, ya durƙusa gaban akwati ya jona kayansa, ya shiga, murya ta fito, ya katse. Ya tambayi Sauda, "Yana yi dai ko?" Sauda ta ce ita kafin ta zo an gama, amma bari ta tambaya. Inna ta ce, "Allah Ya yi albarka." Ya tambayi Dada, Dada ta ce, "Kullum sai ta kunna, ina ganin 'yar jar wutar nan." To me kuma ya rage? Ya gani da idonsa, an sa masa albarka, ga shaida ta ga wuta.

Inna kuwa ba ta daina ramewa ba. Kokon yana nan yadda yake, Sauda tana zuwa tana juye wa awaki. Badaru ya duba wuyan hannun Inna wata Juma'a, ya ga awarwaron da ya san shi a matse yana sauka har gwiwar hannu. Ya ce a ransa, ashe muryar ba ta isa ba, mutumin take so, shi kuwa ba ni da shi. Ya faɗi haka a ransa kamar mai karanta lambar mota. Ya san uwarsa ce ke tafiya a hankali a gabansa, ya san ya kamata hankalinsa ya tashi, ya nemi tashin hankalin a jikinsa bai samu ba.

Ranar wata Litinin Sauda ta kira. Inna ta tashi za ta yi alwala jiri ya ɗebe ta a tsakar gida. An ɗaura mata ruwa leda biyu, an dawo da ita. Badaru ya rufe shago ya taho, ya kwana a zauren Malam. Tun da ya kafa akwatin, wannan ne karo na farko da gari ya waye masa a Kurfi.

Ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida. Ya ji ƙarar ludayi a ƙwarya, wato duk da jirin jiya ta tashi ta dama. Can ya ji ƙas, an danna makunni. Ya dafa bango ya shirya jin muryar.

Shiru.

Ya ba ta rabin minti, iyakar abin da take ɗauka ta tashi ke nan. Shiru. Zakaran maƙwabta ya yi cara, wani ya wuce da shanu ta bayan katanga. Ya matsa ya leƙa ta gefen labule. Dada tana jingine da bango da carbi a hannu, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Inna tana zaune kan tabarma ta fuskanci akwatin, hannayenta kan cinya, kofi biyu a gabanta a rufe da faifai. 'Yar jar wuta tana ci. Ba abin da ke fita.

Da wani ne da ya faɗa ɗakin da gudu. Badaru tsayawa ya yi kamar an dasa shi. Yana tsaye rana ta fito ta taɓa kan katanga. Inna ba ta motsa ba, leɓɓanta kawai ke ɗan motsi. Da aka jima ta miƙa hannu ta laluba bango, ƙas, ta kashe. Ta tura kofunan gefe.

Ya yi sallama ya shiga da jakarsa. Ya kunna, ya jona allo da kibod, ya buga lambar sirri. Ba a jima ba muryar Malam ta fito tangaram. Ya katse. A bayansa ya ji Inna ta ja numfashi.

Sai a ranar ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko, ya buɗe bayanan da kwamfuta ke rubuta wa kanta na duk abin da ya faru da ita. Layi guda ne da Turanci yake ta maimaituwa, ma'anarsa: an hana, ba izinin taɓa na'urar sauti. Kai, Badaru! Abin da ya sani ne sarai, ya sha gyara wa wasu. Irin wannan kwamfuta ba ta barin kowa ya taɓa sauti sai ɗayan biyu: wanda sunansa ke cikin rukunin masu sauti, ko wanda ya zauna gabanta ya shiga da lambar sirrinsa. Shirin tilawar da sunan Badaru yake tashi, sunan kuwa ba ya cikin rukunin. Bai taɓa lura ba, don duk gwajin da ya yi yana zaune a gabanta. In ya shiga a buɗe masa, in ya naɗe kibod ya tafi Dutsin-Ma a rufe.

Ya ja bayanan sama. Jiya, an kunna shida da minti goma, an hana, an hana, an hana, an kashe bakwai saura kwata. Shekaranjiya haka. Ya yi ta ja yana ƙirgawa. Safiya arba'in da ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma kowace safiya minti talatin da biyar ne, ko da ɗaya ko ba ɗaya. Daidai tsawon izu guda a bakin Malam. A tsakani ga Juma'o'insa nan guda shida, inda sauti ya fita daƙiƙa takwas, daƙiƙa bakwai, daƙiƙa tara, kafin hannunsa ya katse. Duk abin da ta samu na muryar mijinta a kwana arba'in da ɗaya bai cika minti guda ba.

Me ya hana ta faɗa? Tambayar banza, shi ma ya san amsar. Ta ce wa ɗan fari abin da ya haɗa da hannunsa bai yi ba? Ta aika Sauda ta ce masa aikinsa da gyara? Ai gara ta zauna gaban katako har ta ƙare. Wataƙila ma ta ɗauka ita ce ba ta iya dannawa ba.

Gyaran bai ci minti ɗaya ba. Layi guda ya rubuta, ya sa sunansa cikin rukunin. Ya kashe. Sannan ya zare allo, ya zare kibod, ya naɗe su ya zuba a jaka ya zuge, ya ja da baya har bakin ƙofa ya zauna.

Sauda ba ta zo ba tukuna, ba ɗan aike a ɗakin sai Dada, ita kuwa tana can tana barcinta. Duk da haka ya ce, "Dada, ki ce ma Inna ta kunna."

Dada ba ta motsa ba. Inna ta miƙa hannu. Ƙas.

Rabin mintin nan ya yi masa tsawo. Sai ga Malam Ɗayyabu ya yi gyaran murya, ya nemi tsari, ya yi basmala, ya shiga karatu. Hannun Badaru ya zabura zai katse, babu abin dannawa, sai ya danne shi da gwiwa. Aya ɗaya, aya biyu, aya uku.

"Dada," in ji Inna, tana kallon tabarma. Muryarta ta dushe don rashin amfani. "Ki ce ma mutanen Dutsin-Ma ba nan Malam ya tsaya ba."

Gaskiya ne. Kwamfutar tun ranar da aka kafa ta take ƙirga kwana daga izu na farko, ba ruwanta da an ji ko ba a ji ba.

"Dada, ki tambaye ta ina ya tsaya."

"Ashirin da uku ya rufe ranar Talatar."

Ya sake fito da kayansa ya jona, ya mayar da lissafin kan ashirin da huɗu, ya kashe, ya zare, ya koma bakin ƙofa. Ta kunna da kanta.

A karon nan ba a katse shi ba. Malam yana karatu a hankali yadda ya saba, yana ɗan jan numfashi a inda ya saba ja. A bayan muryarsa ana jin zakarun shekara shida da suka wuce, da wata akuya da aka daɗe da sayarwa, da ƙarar ludayi a ƙwarya. Inna ta rufe ido, leɓɓanta suna bin sa. Badaru yana zaune ya tasa ƙafafunsa gaba yana kallonsu, yana jira a gama ya ga ko gobe abin zai wuce na ashirin da biyar. Aikin kawai yake tunani.

Malam ya kai aya ta ƙarshe. Ya yi addu'a gajeriya, aka ji tafukansa sun shafi fuska. Badaru ya yunƙura zai tashi, a zatonsa nan ɗaukar ta ƙare. Ya manta cewa ba ya dawowa ɗaukar wayar nan da wuri, kuma bai taɓa yanke komai a ciki ba. Buzu ya yi ƙara, Malam ya gyara zama.

"To madalla. A kawo mana koko."

Inna ta ɗaga faifai. Ta haɗa hannu biyu ta ɗauka. Ta kai kofin bakinta ta kurɓa, ta huta, ta sake kurɓa, ba ta ajiye ba sai da ta kai rabi. Sannan ta laluba kofi na biyu, babban, mai ɗan tsagewa a baki, ta tura shi kan tabarma ta wajen ƙofa ba ta dubi wajen ba.

"Dada, ga na mutanen Dutsin-Ma."

Kokon ya huce tuntuni, har ya yi fata a sama. Badaru ya ɗauka da hannu biyu ya kurɓa, ya ji tsamin gasara da yajin citta sun sauka har ƙirjinsa, abin da bai ji ba wata biyu. Nan kukan ya same shi, gaba ɗaya, ba sallama, irin na ƙaton da bai iya kuka ba. Inna ba ta waiwayo ba, ta ci gaba da shan kokonta tana kallon tabarma, hawaye na bin haɓarta.

Dada ta farka ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi 'yar jar wutar, ta ce, "Kai Badaru, ka zubar da rabi a riga. Sha a hankali mana."